Zoben Inna Tabawa

Kwana goma sha ɗaya muka yi tsakanin Maradi da Kumasi, rabinsu kuwa a gindin kamyo muka cinye su, muna jiran direba ya ɗaure abin da ya kwance. Albasa motar ta ɗauko, mu fasinja muna saman buhuna, har warin ya shiga tufafinmu ya zauna. Ni dai ban damu ba. Shekarata ashirin da biyar, na bar mata da ɗiya guda a Gangara, ina rungume da jakar fata mai kayan ƙirar mahaifina: ƙaramar masaba, awartaki biyu da magagari uku. Maƙeran fari ne mu tun kakanni, masu munduwa da zobe da 'yan kunne. Na taso ana cewa hannuna ya fi na yayyena, na kuwa yarda da maganar fiye da masu faɗinta.

Bayan Fadan Gurma jandarma suka sauke mu, suka ce kowa ya kwance kayansa. Ɗaya ya ɗaga awartakina yana yi mini tambaya da Faransanci, ni ko lakol, makarantar boko, ban taɓa leƙawa ba, na tsaya ina kallon bakinsa. Wani dattijon Bafillace da ke zaune kusa da ni tun Dosso ya amsa a madadina, aka mayar mini da kayana. Da muka koma saman buhuna ya gutsuro mini busasshiyar fura daga zabirarsa, ya ce da Hausarsa mai karkata:

"Samari, in mun shiga Kurmi, wanda ya fara yi maka Hausa mai daɗi, riƙe jakarka da kyau."

Na ce to. A raina kuwa cewa na yi, mai bin shanu ne zai koya wa maƙeri wayo?

Kumasi ta ruɗa ni. Itatuwa sun rufe sama, ruwa yana zuba ba iska ba gargaɗi, mutane suna magana da sauri kamar masu faɗa. A tasha wani mutum mai farar riga ya dafa kafaɗata, ya ce shi mutumin Cadawa ne, kusa da garinmu. Ya lissafa mini unguwanni, ya tambayi farashin wake a gida, har na ji kamar na ga ɗan ɗakinmu. Da ya ji ni maƙeri ne sai ya ja ni bayan wata rumfa, ya warware auduga, ya nuna mini wani jan abu mai walƙiya kamar ƙwayar dabino. Ya ce yakutu ne, a Sakondi bakin teku maƙeran zinariya har rige-rige suke a kansa, shi dai tafiya ce ta kama shi da gaggawa. Ya ce ba ya son komai sai jakar kayana, zai kai wa ƙanensa.

Na ƙara rungume jakar. Sai ya ce, "Kai maƙeri ne ɗan maƙeri, ai ba sai an gaya maka abin da ke hannunka ba."

Wannan maganar ce ta kayar da ni. Na miƙa masa jakar mahaifina da hannuna biyu, har da godiya.

Na yi dako kwana shida a kasuwa kafin wani direban katako ya yarda ya ɗauke ni zuwa Sakondi. Na isa da hantsi, ciki ba kowa. Na bi kwatance har zango, unguwar baƙi 'yan arewa. Ban san ƙofar da zan tsaya ba, sai hanci ya ja ni: ƙamshin miyar kuka da daddawa, abin da rabona da shi tun Maradi. Wata tsohuwa ce zaune gaban tukwane a ƙarƙashin rumfar kwano. Na yi sallama na roƙi ruwa.

Ta ɗago ta dube ni. "Ɗan nan, bakin ga naka na ina ne?"

"Gangara, Inna."

"Allahu akbar! Ni ɗiyar Gidan Sori ta. Zamna, zamna. Ruwa kaɗai za ka sha, kana rawa awa kazar da ruwa ya doka?"

Sunanta Inna Tabawa. Ta biyo mijinta, mai fataucin goro, tun tana amarya. Ya rasu a can, ita kuma ba ta koma ba. Ta zuba mini tuwon masara, don gero ba ya zuwa ƙasar, ta kwarara miya. Loma uku na yi hawaye suka zubo mini cikin akushi. Ta yi kamar ba ta gani ba, ta juya tana gyara wuta. Daga ranar ta ba ni tabarma a zauren gidanta, kuma ba ta kira ni da komai ba sai "ɗana".

Da na nuna mata yakutuna ta ce ita ba ta san dutse ba, amma ta san wanda ya sani. Ta kwatanta mini shagon Baba Kwasi.

Baba Kwasi Bafante ne, Kirista, tsoho siriri mai yafa zane a kafaɗa. Ya yi zama da mutanen zango har ya ji Hausa, ko da yake mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa. Ya karɓi dutsena, ya sa wani ɗan gilashin dubawa da ke rataye a wuyansa, ya juya shi sau ɗaya tak.

"Zo ka duba," in ji shi.

Na sa ido. A ciki na ga ƙananan kumfa, irin na kwalba.

"Fitilar bayan mota ne. An fasa, an goge. Me ka bayar?"

Da na faɗa masa, na jira dariya. Bai yi ba. Ya dubi tafin hannuna, ya ga tabon wuta da kanta, ya ce, "Hura mini zugazugi in gani." Na hura. Ya miƙo mini wata karyayyar munduwa, na haɗa ta. Kafin azahar ya share wani lungu a bayan shago, ya shimfiɗa buhu, ya ce nan ne wurin sallata.

A wurinsa na fara ganin dutsen da ake kira ofal. Matuƙan jiragen ruwa ke kawo shi a ƙulle cikin hankici daga wata ƙasa mai nisa, Meziko, inda Baba ya ce ana haƙo shi a duwatsun da suka taɓa aman wuta. Yana ajiye nasa a cikin gwangwanin taba, kowanne a naɗe da auduga mai ɗan danshi. Ranar da babu aiki sai ya jera su a kan farin ƙyalle a bakin ƙofa, inda haske ke faɗowa, ya ce in faɗi abin da na gani.

Da farko cewa nake, "Ja ne, Baba."

"Ja kawai? Uwarka ja ɗaya ya sani?"

Sannu a hankali idona ya buɗe. Akwai rawaya mai haske kamar zumar farko, wanda Baba ya ce shi ya fi yawa, ba a ɗokinsa sosai. Akwai ruwan goro, daga mai sanyi kamar lemo har mai kauri kamar manja a cikin kwalba. Akwai ja sosai kamar ruwan soɓorodo in an ɗaga shi a rana, wannan shi ne ba a cika samu ba. Wani garau yake, kana hango zaren ƙyallen ta cikinsa. Wani da duhu-duhu kamar ruwan ƙasari, shi kuwa darajarsa ƙasa take. Akwai kuma wanda in ka karkata shi sai kore da shuɗi su gilma a ciki su ɓace, kamar wuyan tantabara. Guda ɗaya Baba ke da irin wannan, ɗan mitsitsi, yana manne da uwar dutsensa. Ba ya sayar da shi.

Na saba da tsakiya, dutsen adon da matan garinmu ke ratayawa, ko ta faɗi ƙasa ba ta jin komai. Baba ya ce in cire tsakiya daga kaina. Ya ɗauki wani ɓantare marar amfani ya ja masa magagari, nan da nan ya yi zane.

"Wannan a ido wuta ne, Labo, amma a ciki ruwa ne. Akwai ruwa a jikinsa. Zafi ya taɓa shi, ruwan ya gudu, dutsen ya tsage. Ko rana mai ƙarfi ba ya so. In za ka sa zobe a wuta, cire dutse tukuna. Ka ji?"

"Na ji, Baba."

"Faɗa in ji."

"A cire dutse tukuna."

Wata takwas na yi a wurinsa. Idanunsa sun fara hazo, don haka aikin da ke son ido sai ya turo mini, mutane kuma suka fara cewa ɗan arewan nan na Baba Kwasi yana da hannu. Tsohon ciwona na ji da kai ya motsa.

Inna Tabawa tana da zobe ɗaya na azurfa mai ofal ja, irin na soɓorodon nan, garau, babu ɗigo a ciki. Ɗanta guda, Garba, yana aiki a ɗakin injin wani jirgin ruwa. Shi ya kawo mata dutsen a zuwansa na ƙarshe, Baba ya ɗora shi a zobe. Shekara uku ke nan jirgin bai sake biyowa ta Sakondi ba, wasiƙa ma ta daina zuwa. Yatsunta sun kumbura da aikin tuwo, zoben ya daina shiga, sai ta rataye shi a wuya da zare.

A cikin damina labari ya zo ta rediyo cewa ƙasarmu za ta karɓi mulkin kanta daga Faransa. 'Yan Nijar da ke zango, Hausawa da Zabarmawa da Fulani, suka haɗa kai za a yanka raguna ranar, Inna ce shugabar girki. Ana gobe bikin ta kawo zoben shago.

"A buɗa mini shi kaɗan. Ina so in sa shi ranar, ya zamana Garba ma yana wurin."

Baba ya fara aikin da kansa. Ya yanke zoben ta ƙasa, ya gyara ɗan guntun azurfar da za a ƙara, sai haske ya gaza masa, ya ajiye. Washegari, ranar bikin, yana da zuwa asibitin ido da safe. Yana fita ya ce mini in hura gawayi in narkar da wata azurfa, zoben kuwa in bar shi, in ya dawo zai cire dutse ya haɗa. In bai dawo da wuri ba, Inna ta yi haƙuri sai gobe.

Har rana ta take bai dawo ba. Ina jin kalangu daga zango. Na dubi zoben, na ce a raina cire dutse da mayarwa zai ci lokaci, ɗan haɗi ne kawai, na yi irinsa da tsakiya ba sau ɗaya ba. Na hango kaina ina miƙa wa Inna zobe a gaban taro, tana cewa ɗana ne ya yi. Na naɗe dutsen da jiƙaƙƙiyar auduga, na kama zoben da awartaki, na sa sinadari, na kai shi wuta.

Azurfa ba ta riƙe zafi wuri ɗaya, na san wannan tun ina yaro. Kafin sinadarin ya narke audugar ta bushe. Na ji wata 'yar ƙara, ƙas, kamar an taka ƙwayar gero.

Da na warware audugar, jan nan ya dushe. Cikin dutsen ya tsattsage kamar lakar tabki da rani, gefe ɗaya ya yi fari kamar idon makaho.

Abin da na yi bayan nan ya fi fasa dutsen muni, kuma da hankalina na yi shi. Na kankare sinadarin, na wanke zoben da lemun tsami da toka har alamar wuta ta fita. Na ɗora shi a bakin murhu, inda Baba kan ajiye awartaki in ya miƙe. Na bar garwashin a buɗe, na ja ƙofa, na tafi biki.

Inna tana ganina ta dubi hannuna.

"Baba bai gama ba, Inna. Ya tafi asibiti."

"Ba komi, ɗana, gobe ma rana ta." Ta zaɓo mini hanta da ƙoda ta sa a akushina. Mutane suna rawa suna rungumar juna, wani yana ihu yau mun zama 'ya'ya. Na cinye naman tas, don kada ta tambaye ni abin da ke damuna.

Da safe na tarar da Baba tsaye a bakin murhu, zoben a tafinsa. Bai ko sa gilashi ba.

"Labo, ni na ajiye shi a nan?"

"Ban sani ba, Baba. Na hura wuta kamar yadda ka ce, na tafi."

Ya zauna a hankali. "Na tuna na sa shi a cikin aljihun tebur. Ina gani kamar yanzu." Ya shafa fuskarsa. "Ashe ba ido kaɗai ba ne."

Ya ce in raka shi zango. Ana yayyafi, ni na riƙe masa laima. A gaban rumfar Inna, gaban masu cin tuwo, tsohon nan ya tuɓe takalmansa, ya sauke zanensa daga kafaɗa zuwa ƙugu, yadda mutanensu ke yi a gaban sarki. Ya miƙa mata zoben, ya ce shi ya manta da shi a bakin wuta. Inna ta ɗaga shi a haske, ta dube shi, ta dube shi. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Wayyo Garba," a hankali, ta rufe fuskarta da mayafi. Ta ɗauke shi alama ce cewa ɗanta ya rasu. Ina tsaye ina riƙe da laima.

Muna komawa Baba ya janye kujerarsa daga teburin aiki ya tura ta wajena. Ya ce shekara arba'in bai taɓa ɓata kayan mutum ba, ba zai jira na biyu ba. Daga ranar ni ne mai shago. Yakan zo ya zauna a bakin ƙofa, hannuwansa a ɓoye cikin zane. In an miƙo masa ɗan kunne ya duba, sai ya ce a ba Labo. Mutane suna taya ni murna. Inna ta rame, amma kullum sai ta ajiye mini tuwo da zafinsa, tana cewa Allah ya ɗaga ɗanta a baƙuwar ƙasa. Na koma cin gurasa a bakin tashar jirgi, ina ce mata aiki ya yi yawa. Ko sallah in na tsaya a kan buhun da Baba ya shimfiɗa mini, sai in rasa raka'ar da nake.

Kwana ashirin aka yi haka. Ranar wata Laraba da hantsi Baba ya cire ɗan gilashinsa daga wuya, ya zo zai rataya mini. Na ji zaren ya taɓa kunnena. Na zame na durƙusa.

"Baba, ba kai ba ne. A aljihun tebur ka sa shi. Ni na ɗauko, ni na kai shi wuta da dutsen, ni na ajiye shi a bakin murhu."

Ina kallon ƙafafunsa. Can ya ce, "Sake faɗa." Na sake.

Ya fito da hannuwansa ya ɗaga su, ya juya su gaba da baya kamar wanda aka mayar wa kayan da ya ɓata.

"Dutse, kowane maƙeri yana iya fasawa," in ji shi. "Amma kwana ashirin ka bar ni ina tsoron hannuna. Jiya matata ya ba ni shayi, na ƙi karɓa, kar in zubar."

Bai zage ni ba, na so ma ya zage ni. Ya mayar da gilashinsa wuya, ya ce in tashi daga kujerarsa. Sannan ya ce in je zango, ni kaɗai, in faɗa a inda shi ya faɗa.

Lokacin cin rana ne, rumfar cike. Na tuɓe takalmi na tsuguna, na faɗi komai, ban tsallake hanta da ƙodar ba. Wani ɗan dako ya yi tsaki ya tashi da akushinsa. Inna ta ci gaba da kwasar tuwo har ta gama malmalar da ke hannunta.

"Ashe ba alama ba ce," ta ce. "Mutum ne." Ta numfasa. "Alhamdu lillahi. Kwana ashirin ina yi wa ɗana makoki da ransa."

Ta zuba tuwo ta ajiye a gabana. "Ci, Maƙeri."

Maƙeri. Har na bar Sakondi ba ta hana ni tuwo ko tabarma ba, amma ba ta ƙara ce mini ɗana ba.

Baba ya karɓo zoben, ya ciro dutsen, ya yi kwana huɗu a kansa. Can gefe ɗaya akwai wurin da tsagar ba ta kai ba. Ya yanke shi a hankali, yana gogawa da ruwa, har ya fitar da ɗan ja garau kamar ƙwayar dawa. Da hannunsa ya ɗora shi a zoben, ni ina riƙe da kwanon ruwa. Da ya gama ya ce mini, "Ka iya aiki, Labo. Amma ba zan iya juya maka baya a maƙera ba." Na ce na sani.

Da kaka na sami kamyon goro mai zuwa arewa. Inna ta zo tasha, zoben a yatsanta, ta ba ni ƙullin garin rogo da soyayyen kifi. Ta ce tana da wa a Gidan Sori, Malam Barmu, in yana raye.

"Ka ce mishi Tabawa tana lahiya, tana da ɗa guda, yana bisa ruwa. Abin da ka gani shi za ka faɗi, Maƙeri. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Da na sauka Maradi ban nufi Gangara ba, yamma na yi. Na isa Gidan Sori ana yankan gero, na sami Malam Barmu a bakin rumbu, tsoho tukuf, jikoki suna miƙa masa dammuna. Na isar da saƙo. Ya yi kuka, ya sa aka kira mutanen gida, aka shimfiɗa mini tabarma, aka dama fura. Suka yi ta tambaya: ta tsufa? tana da haƙora? wa ke yi mata itace? Na amsa abin da na sani. Can Malam Barmu ya riƙo hannuna, ya ce:

"Kai kuwa, ɗan albarka, mi kake gare ta, har ta aiko ka tun daga bakin teku?"

Duk suka zuba mini ido. Na ajiye ludayin.

Na ce, "Baba, ni ne wanda ya fasa mata dutse. Bari in gaya muku yadda aka yi."